Daren da na karya hannun ɗan Goggo mai ƙosai

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan cikin garin Gombe, ina da mata da yara uku, tun 2015 nake cikin aikin agaji, daga baya kuma na haɗa da sintirin unguwa. Rannan wani abokina ya same ni a shago ina gyangyaɗi a kan keke, ya ce wai kai nawa ake ba ka ne da kake baro iyalinka ƙarfe ɗayan dare kana bin lungu da tocila? Na ce masa ko sisi. Ya girgiza kai ya ce toh Allah ya ba da lada. Tun ranar maganar take min yawo a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi na shiga, har da abin da ni kaina ba na son tunawa.

Duk wanda ya tashi a Gombe daga 2003 zuwa sama ya san kalare, ba sai an masa bayani ba. Siyasa ce ta raine su, lokacin kamfe a ba yaro adda da ƙwaya da 'yan canji, in an gama zaɓe a watsar da shi, shi kuma addar tana hannunsa, ina zai kai ta in ba cikin unguwa ba. Mu muna yara da an yi Magariba Inna take fara ƙirga mu, in ɗaya bai shigo ba ba ta iya cin tuwo. Ka ji ihu daga can bakin kwari, ka ji ana buga ƙofofi gam gam kowa na saka sakata, da safe a ce an sari wane. Daga Bolari zuwa Jekadafari zuwa Pantami zuwa Herwagana kowa da labarin da zai ba ka. Zamanin Gwamna Dankwambo an ɗebi wasunsu an ba su horo an saka musu inifom suna ba da hannu a titi, abin ya ɗan lafa, amma bai mutu ba.

Namu rabon ya zo a 2010. Hammana, wato yayana, yana acaɓa lokacin, bayan Isha'i suka tare shi su huɗu saboda mashin, ya ƙi saki, suka sare shi a hannun dama. Har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, cokali ma da hagu yake riƙewa. Ina shekara 18 lokacin, na tsaya a kansa a asibiti ina kallon yadda ake ɗinke hannun kaman yadda nake ɗinke yadi, wallahi a wurin na ƙudura a raina duk ranar da ɗan kalare ya shigo hannuna sai ya gane kurensa. Ban faɗa wa kowa ba, na dai haɗiye abina, shekara bakwai yana cikina.

Abin da ya kai ni agaji kuma daban ne. Ranar Alhamis 16 ga Yulin 2015, jajibirin ƙaramar Sallah, duk tela ya san yadda wannan rana take, kwana uku ban runtsa ba ga azumi a baki, zare ya ƙare min da zif, na ruga babbar kasuwa bayan La'asar in sayo. Ina cikin layin masu kayan ɗinki na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, daga ɓangaren masu takalma, kafin mutane su gane me ke faruwa na biyu ya tashi. Kusan mutum 50 aka rasa a ranar, da yawa mata da yara ne da suka fito sayen kayan Sallah. Kafin nan an sa bam a tashar Gombe Line da tashar Dukku a ƙarshen 2014, amma ji nake yi a bakin mutane, wannan kam da idona.

Gaskiya ni ban yi komai ba da farko, ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa, ina tsaye da ledar zare a hannu. Sai ga 'yan agaji suna shigowa a guje, kowa na fita su suna shiga, wasu da inifom wasu ma ba su samu sun saka ba. Wani dattijo a cikinsu ya daka min tsawa ya ce kai ɗan samari ajiye ledar nan ka kama min ƙafarsa. Na kama. Wani bawan Allah ne cinyarsa na zubar da jini kaman famfo, dattijon ya cire hularsa ya danna a wurin ya ce in danne da duka ƙarfina kar in ɗaga ko me zai faru, haka muka saka shi a bayan a-kori-kura har asibiti hannuna na kan hular. Ban san sunansa ba, ban san ko ya rayu ba. A asibitin aka ce ana neman jini, muka yi layi, a nan na sha ruwa da wani guntun dabino da wata mata ta miƙo min.

Bayan Sallah da sati biyu na je na yi rajista da 'yan agajin masallacin Juma'armu. Can aka koya min abubuwan da da ban sani ba, kuma har gobe ina ganin ya kamata kowane gida a samu mutum ɗaya da ya iya su. Yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa ba a ɗura masa ruwa ba, in wuta ta ƙona mutum ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara masa ba ɗanyen ƙwai ko baƙin mai ba, in yaro na jijjiga kar a tura masa cokali a baki. Lokacin kuma kowace Juma'a muna bakin ƙofa da na'urar bincike muna laluba mutane ɗaya bayan ɗaya, wani ya yi maka addu'a wani ya zage ka wai ka sa ya rasa sahun gaba.

Sintiri ya zo a 2017. Garin ya cika ya batse, mutanen Borno da Yobe da rikici ya koro sun zo sun zauna, sababbin unguwanni ta ko'ina, 'yan sanda kuma ba su da yawan da za su shiga kowane lungu, ga ƙwacen waya ya zama ruwan dare. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan sallar Asuba aka yanke kowane gida zai riƙa ba da naira 200 a wata, a sayi tocila da usur da rigar ruwa, a samu matasa su riƙa zagaye daga sha biyun dare zuwa kiran sallar farko. Mu 14 muka ba da suna, aka kai sunayen ofishin 'yan sanda da hotunanmu. Aka ɗora mana wani tsohon soja, mutum mara yawan magana, Baba kawai muke ce masa. Daren farko ya jera mu ya ce doka uku ce, ba mai fita shi kaɗai, ba mai shan komai ya zo min nan, kuma duk wanda aka kama hannu ba ya taɓa shi, a rubuta a littafi a kai shi inda ya dace. Ya ce gorar da ke hannunku ta kare kanku ce da korar karnuka. Na ce toh da baki, amma a zuciyata hannun Hamma nake gani.

Wata na biyar da farawa, cikin sanyin hunturu, wajen ƙarfe biyu da rabi, ni da wani abokin zagayena muka ji motsi a bayan wani kango. Na haska, sai ga yaro ya fito da batirin mota a kafaɗa, fuska a rufe da ƙyalle, da wata 'yar wuƙa a ƙugu. Ya yar da batirin zai gudu ya yi tuntuɓe ya faɗi. Jama'a yaron nan ya riga ya faɗi, ya ɗaga hannu yana cewa don Allah ku yi haƙuri, ba inda za shi. Ni kuwa na ɗaga gora na sauke masa, na sake, na sake, abokina na riƙe ni ina fizgewa, a na huɗu ne ya kare kansa da hannu na ji ƙas. Wannan ƙarar har yau in na karya itace a gida sai gabana ya faɗi.

Da aka cire ƙyallen sai na ga ɗan Goggo ne, mai ƙosan bakin layinmu, wadda tun ina firamare nake sayen ƙosai a wurinta, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Shekararsa 16. Ba shi ya sari Hamma ba, lokacin da aka sari Hamma shi ko kaciya bai daɗe da warkewa ba.

Baba ya zo ya duba hannun, bai ce min uffan ba, ya sa aka samo kwali aka ɗaure, ni da na koyi wannan aikin a agaji ina tsaye ban iya taɓawa ba. Da gari ya waye na buɗe shago ina jiran Goggo ta zo ta tsine min, na ma shirya, da ta zage ni da na ji sauƙi. Wajen hantsi ta shigo da mayafinta duk warin hayaƙi, ta zauna a bencin masu jira ta yi shiru, can ta ce Tela, ka tuna kai ka ɗinka masa kayan Sallarsa shekarar da babansa ya rasu, ka ce in bar kuɗin? Na ce na tuna Goggo. Ta ce toh ni ban zo faɗa ba, na san ɗana ya yi sata, kwana nake ina kuka a kansa, amma da ka kawo min shi da hannunsa biyu. Ta tashi ta fita. Na rufe shago na shiga ciki na yi kukan da ko ranar kasuwa ban yi ba.

Da daddare Baba ya tara mu gaban mai unguwa ya karɓe gorata da usur ɗina ya ce wata uku kar ya gan ni, kuma kuɗin asibiti da na ɗori duk a kaina. Wasu a cikinmu suka ce ai ɓarawo ne, me ya sa za a hukunta namu saboda ɓarawo. Baba ya ce shi ya yi yaƙi ya ga abin da mutum ke zama in aka ba shi makami aka ce masa kai ne mai gaskiya, ya ce kalaren da kuke gudu su ma da haka suka fara, wani ya ce musu ku ne masu tsare mana. Ya juyo ya kalle ni ya ce kai Tela ba unguwa ka fito tsarewa ba, bashi ka fito karɓa, kuma a hannun wanda bai ci maka ba. Ban taɓa faɗa masa labarin Hamma ba, ashe ya sani.

Mai batirin ya yafe, aka kashe maganar a gaban mai unguwa. Da hannun ya warke na je na roƙi Goggo ta ba ni shi ya zauna a shagona. Ina so in ce muku ya shiryu ya zama babban tela amma ba haka aka yi ba. Ya yi wata bakwai, ya iya saka maɓalli da kalmasa, yaro mai kaifin kai wallahi, in ya kalli mutum sau ɗaya zai faɗa maka tsawon rigarsa. Sai dai abin da yake sha ya riga ya kama shi, lokacin ne ma gwamnatin tarayya ta hana kodin a 2018, suka koma tiramol da sholisho da duk abin da suka samu. Wata safiya bai zo ba, aka ce an gan shi a tasha ya hau motar kudu. Sau biyu ya kira uwarsa da baƙuwar lamba, daga nan shiru.

Na koma sintiri bayan wata ukun, kuma tun daga ranar ban sake ɗaukar gora ba, tocila da usur da jakar agaji kawai nake fita da su. A nan ne na fara ganin ashe kama ɓarawo shi ne ƙaramin abu a aikin. Yawancin dare ba ɓarawon da za ka gani. Mai naƙuda ce mijinta ya yi tafiya za ka buga wa mai Keke Napep ƙofa ka raka su asibiti, ko wayar wuta ta haɗu a wani shago ku yi ta ɗibar ƙasa kuna watsawa kafin 'yan kwana-kwana su iso, ko almajiri na rawar ɗari a barandar wani da zazzaɓi. Kafin damina mu muke fitowa da shebur da baro mu yashe kwata, don duk ɗan Gombe ya san yadda ruwa ke gangarowa cikin garin nan da yadda kwari ke cin gidaje, in aka yi ruwan dare sai mun tsaya a bakin kwarin muna mayar da yara da masu mashin baya. Ranar hawan Sallah kuwa yaran da suka ɓace kaɗai sun ishe ka aiki.

Ranar da ta fi min wuya bayan wancan daren ita ce wata Magariba a 2021. Ina rufe shago na ji ɓarawo ɓarawo, na fito na tarar an kayar da wani yaro a bakin titi, wai ya fizge wayar wata yarinya, kuma gaskiya ne don an ga wayar a aljihunsa. Kafin ka ce me mutum ya fi 100, masu dutse masu katako, da na ji wani ya ce a kawo taya sai jikina ya ɗau rawa. Ban yi shawara da kowa ba, na kutsa na kwanta a kansa ina busa usur ina cewa ku ji tsoron Allah ku ji tsoron Allah. Wani dutse ya same ni a baki, haƙorina na gaba a nan ya tafi. Allah ya taimaka yaranmu huɗu suka iso suka riƙe hannun juna suka kewaye mu, liman ya fito daga masallaci ya tsaya a gabanmu da carbinsa, Baba ya kira 'yan sanda. Minti wajen 20 muka yi a haka, yaron yana ƙarƙashina yana fitsari a wando yana kiran sunan uwarsa. Mutanen da ke jifan nan fa na san su, wasu na ɗinka musu kayan aure, wasu sahu ɗaya muke tsayawa.

Washegari aka fara cewa mun zama lauyoyin ɓarayi, gidaje da dama suka daina ba da 200 ɗin. Kuma ni ban ga laifinsu duka ba, don abin da ke ƙona musu rai gaskiya ne, a kama yaro yau jibi ka gan shi a majalisa yana maka kallon banza. Amma mutane ba sa son jin dalilin. Doka ba ta yarda a ajiye mutum a sel fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba, mai waya kuma da ya karɓi wayarsa shikenan ya tafi, a ce ya zo ya ba da shaida ya ce shi ba ya son tashin hankali ko yana tsoron abokan yaron. Toh wa zai tsaya? Sau nawa ni da Baba muke rufe harkokinmu mu je mu wuni a kotu da kuɗin mashin ɗinmu, mai ƙara bai zo ba. Ban ce ba a samun inda kuɗi ke aiki ba, ana samu, na gani, amma rabin matsalar daga wurinmu take.

Sai kuma masu zuwa lokacin zaɓe. Gab da 2019 da kuma 2023 duk an aiko mana, wai za a ɗinka mana inifom a ba mu mashina biyu, mu dai mu riƙa raka ɗan takara in ya shigo unguwa. Wallahi muna buƙatar mashinan nan, takalman wasunmu duk sun ɓule, amma Baba ya ce a mayar musu da godiya. Mutum uku suka bar mu a kan haka, ba na zaginsu, talauci ba wasa ba ne. Yanzu mu tara muka rage, Baba ƙafa ta hana shi zagaye sai dai ya zauna a kujera bakin masallaci da littafin a cinyarsa.

Maman yara ta sha roƙona in bari, musamman bayan haƙorin nan, ta ce Abban yara in aka kashe ka wa zai ba mu ko kwanon masara? Ba ni da amsar da zan ba ta, don babu inshora babu fansho, wanda ya ji rauni a cikinmu karo-karo muke masa. Na dai rage zuwa dare uku a sati. Ita ce kuma take saka min tocilar a caji in an kawo wuta, ta zuba min shayi a fulas, ba ta barci sai ta ji na turo ƙofa. Hamma ma da na ba shi labarin abin da na yi wa ɗan Goggo a kan hannunsa, cewa ya yi wa ya aike ka, ni na daɗe da barin su da Allah.

Goggo tana nan tana suyarta a bakin layi, ta tsufa sosai, in muka zo wucewa da asuba ita ke fara hura wuta, takan ce Tela an kwana lafiya? In ce lafiya lau Goggo. Wani lokaci ta ƙara da ko ka ji wani labari? In ce tukuna dai. Duk direban da na sani mai zuwa Legas ko Fatakwal na ba shi kwatancen yaron, har da alamar ɗorin a hannun hagu.

Azumin da ya wuce ta shigo shago da yadi huɗu na wata shadda mai sauƙin kuɗi a leda, ta ce in ɗinka masa ko Allah zai sa ya zo Sallah. Na ce Goggo ai ba ni da awonsa na yanzu. Ta ce ka duba na da ɗin ka ɗan ƙara, ai ya girma. Na ɗauko tsohon littafin awo na nemo shafinsa, da rubutun hannunsa ma don shi ya rubuta da kansa lokacin yana koyo, na ƙara inci biyu a kafaɗa uku a tsawo, na ɗinka na goge. Sallah ta zo ta wuce. Na ce in kai mata gida ta ce a'a, in bar su a shagon, in ya dawo ta nan zai fara biyowa. Suna nan rataye a bayan kekena cikin leda, duk sati nakan sauke in kakkaɓe ƙura in mayar.